Daga Ina Ka Ɗauko Wuta?

Tambayar farko ke nan da dattijon ya yi mini, tun bai taɓa murfin motar ba. Ni kuwa na taho da bayani cike da baki: irin allunan, kuɗin da na saya, abin da na kalla a YouTube, da yadda a ranar farko komai ya kama lafiya lau. Bai nemi ko ɗaya ba. Yana zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingina da gindin dalbejiya, yana fere bakin waya da reza, ya sake cewa a hankali, kamar mai magana da kurma: "Malam, wutar nake tambaya. Daga ina?" Na nuna masa da yatsa. Ya leƙa, ya ɗago, ya dubi yaransa, bai ce uffan ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ƙwallo ce ta jawo mini. A watan Janairun 2022, lokacin da aka kawo rukunin Najeriya na gasar cin kofin Afirka nan Garwa, garin ya cika da baƙi daga Yola da Mubi, har da 'yan Kano. Ranar 11 ga wata, da Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya a filin Rumde Ajiya, na fito cikin cincirindo sai na ga wata jif mai lambar Najeriya a gefen titi. Uban ya shiga kallo, ya bar direba da yara uku a baya, kowa ya zuba ido ga ƙeyar kujerar da ke gabansa. Talabijin ce a jikin matashin da ake jingina kai. Yara uku, ba mai motsi, ba mai tsokanar wani. Na tsaya ina kallonsu fiye da yadda ya kamata baƙo ya tsaya a kan motar mutane.

Wanda bai taɓa ɗaukar yara huɗu daga Garwa zuwa Ngaundere ba, ba zai gane abin da na gani ba. A takarda kilomita 280 ne ko ƙasa da haka kaɗan. A ƙasa kuwa, da ramuka da tirelolin Duwala masu nufar Njamena da motocin auduga, wuni ne ɗan ƙarami. Uwargida 'yar Ngaundere ce, saboda haka hanyar nan ba ta da fashi a gidanmu: Sallah, biki, suna, gaisuwar rasuwa. Kafin mu gama tsallake gadar Binuwai auta ya fara tambayar ko mun kusa. Kafin Ngong an yi faɗa a kan taga sau biyu. Ni dai shiru nake son saya, kuma ga shi na ga inda ake sayar da shi.

A babbar kasuwa na sami matasai biyu masu allo, inci tara-tara, ɗaya yana karanta filas, wanda a nan muke cewa kile, yana aika hoto ga ɗan'uwansa. Sefa dubu 45 bayan doguwar ciniki. Mai shagon ya ce akwai yaron da zai ɗaura mini a kan dubu 15. Na yi murmushi. Ni da nake koyar da lissafi sama da shekara goma, ni da na san dokar Ohm tun ina aji uku, zan ba wani dubu 15 don ya haɗa waya biyu? Motar tawa Toyota ce mai kujera bakwai, ta 2004, irin waɗanda Turai ta gama yayinsu aka sauke mana a tashar Duwala. Na ɗauka na santa ciki da bai, tunda ni nake duba mata mai da ruwa.

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jera filaya da sukudireba da salatif da ɗan ƙwan gwaji. Sashen farko ya zo da sauƙi har ya ruɗe ni. Ka danna maɓalli, ka zare tsohon matashi, ka daidaita tazarar ƙafafun sabon da ramukan kujera, ka zura. Wayar tana bi ta cikin ƙafar matashin ne, wadda take da rami kamar bututu, ta sauka ta cikin bayan kujera ta ɓullo ƙasa. Da guntun wayar shanya na jawo ta. A nan na gamu da cikas na farko: a jikin jar wayar akwai wani baƙin kumburi kamar dabino, ya ƙi wucewa ta ramin. Na juya, na murɗa, na shafa masa sabulu. Da na gaji sai na sa filaya na datse shi, na jefa cikin kwandon shara, na haɗa wayar baki da baki. Na buɗe shi kafin in jefar, na kuma ga cewa fiyus ne a ciki. Na ce ai motar tana da nata.

Saura wuta. Na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na murɗa makulli, na dinga tsikarar wayoyi da ƙwan gwaji har ɗaya ta ba ni haske. Na fere ta, na naɗe jar wayata a kai, na lulluɓe da salatif. Baƙar wayar kuma, wadda masu gyara a nan ke kira mas, a Yola su ce at, na maƙale ta ƙarƙashin wani ɗan sukuru a jikin ƙarfe mai fenti. Na tura sauran wayoyin ƙarƙashin kujera, waɗanda suka yi tsawo na ɗaure su da wata damin waya mai launin rawaya da na tarar a wurin, don kada su yi reto. Na danna. Alluna biyu suka kawo shuɗin haske lokaci guda. Yara suka kaure da ihu, uwargida ta rangaɗa guɗa daga bakin madafa, rabi yabo rabi tsiya.

Da za a tambaye ni inda kuskuren gaba ɗaya yake, ba wurin filaya zan nuna ba, wannan shuɗin hasken zan nuna. A aji, idan amsa ta fito daidai, an gama. A jikin mota, kamawar abu a ranar farko ba ta shaida komai sai cewa yanzun nan wuta ta sami hanyar zuwa da ta dawowa. Ba ta faɗi abin da zai faru da dare ba, ko a kan ramuka, ko a watan Afrilu. Masu sana'ar suna bambanta "ya kama" da "ya yi". Ni a lokacin abu ɗaya ne a wurina.

Dare ne ya fara jarraba aikin. Duk arewacin Kamaru madatsar Lagdo muke kallo don wutar lantarki, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, kuma a shekarun nan in ruwanta ya ja baya da rani, unguwa-unguwa ake raba duhu. Abin da ban sani ba shi ne yara sun gano cewa allunan suna kamawa ko babu makulli. Daren Juma'a, da Asabar, da Lahadi na mako na biyu, ina majalisa a ƙofar gida muna musun ƙwallo, su kuma sun buɗe silima a cikin mota, har da 'ya'yan maƙwabta, ana karɓar alawa a bakin ƙofa. Daren ƙarshe barci ya kwashe mai kashewa. Litinin da safe na murɗa makulli, motar ta yi ƙas sau ɗaya, kamar mai tsaki, ta yi shiru.

A kan babur na isa makaranta, a makare. Da yamma maƙwabci ya ɗauko mini batir ɗinsa aka tayar da ita, auta kuma ya tona asirin yayyensa a kan ƙwai dafaffe ɗaya. Sai a lokacin na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Kowane allo yana jan kusan amfiya ɗaya. Biyu, haɗe da fitilar rufi, amfiya biyu da rabi. Awa uku-uku dare uku, ga kuma kwana a kunne: sun sha fiye da amfiya-awa 40. A jikin batir an rubuta 60, amma batir ɗin da ya yi rani uku a Garwa rubutun kawai ya rage masa. Bai sake riƙe caji ba. Sabo ya ci mini dubu 55.

Wutar mota iri biyu ce, abin da kowane yaron gareji ya sani. Akwai mai tsayuwa dare da rana, wadda ke riƙe agogo da tashoshin rediyo da fitilun haɗari. Akwai wadda ba ta zuwa sai an murɗa makulli, wadda da Faransancin gareji ake cewa afre-kontak. Da makulli a murɗe duka biyun suna ba da haske a ƙwan gwaji, ba ka iya bambanta su. Gwajin gaskiya shi ne ka zare makulli ka ga wacce ta mutu. Daƙiƙa biyar ne aikin, ni kuma ban yi ba. Na koma ƙarƙashin dashbod, na cire wayata daga inda take, na mayar da ita kan wayar da ke ciyar da ramin kunna taba, inda muke cajin salula. Na zare makulli, alluna suka mutu. Na murɗa, suka dawo. Na ji na ƙara wayewa. Akwai dai wani siririn kuka da ke fita ta lasifika, yana tashi in na taka totur, yana sauka in na saki. Na ƙara sauti ya rufe shi.

A ƙarshen Maris, ana ta rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, aka sa bikin ƙanwar uwargida. Muka kama hanya bayan asuba, Hajiya mahaifiyata a kujerar tsakiya, yara kewaye da ita, but cike da gara, da jarka biyu na fetur ɗin zuwa-zuwa da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda a lokacin, kafin Najeriya ta cire tallafi a 2023, ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Na biya sefa 500 na fiyaj, wato kuɗin hanya, muka miƙa. Kuma wallahi na sami abin da na saya. Awa guda ba wanda ya tambaye ni ko mun kusa.

Bayan mun wuce Ngong na faɗa wani rami da ban hango ba, allunan suka ɗauke. Cajar salula ma ta mutu. Kuka ya tashi a baya. Na tsaya, na buɗe akwatin fiyus, na zaro na ramin taba, shuɗi, mai lamba 15: ya ƙone. Na sa shuɗin ajiya. Ba mu yi kilomita biyar ba shi ma ya tafi. A jikin murfin akwatin saura ɗaya, kore, mai lamba 30. Na ce wannan ya fi ƙarfi, ba zai ba ni kunya ba. Bai ba ni kunya ba kuwa.

Uwargida ce ta fara ji. "Malam, wani abu na ƙauri." Na ce ƙonan daji ne, ga hayaƙi can. Ta ce, "Daji ba ya warin roba. Tsaya." Ta ɗaga ƙafarta, sai ga farin hayaƙi siriri yana tasowa daga ƙarƙashin kujerarta. Ban san yadda na taka birki ba. Muka zazzage yara waje, aka riƙo Hajiya, na zare makulli, na buɗe bonet hannuna yana rawa. Abu ɗaya na yi daidai a duk wannan tafiyar: akwai sifana mai lamba 10 a aljihun ƙofa. Da ita na kwance kan batir na mas, na ja shi gefe. Muka kwarara ruwan sha a kan kafet.

Wurin kafin Guna ne, ba gida gaba ba gida baya, ciyawa a bushe ƙamas dama da hagu, ga lita arba'in na fetur a bayanmu. Na tsaya ina kallon jarkokin nan ta gilashi. Wasu gwaggon biri suna zaune a kan dutse can nesa suna kallonmu, kamar an gayyato su shaida. Hajiya, wadda ba ta kama sunana saboda ni ne na fari, ta gyara mayafi ta ce, "Kai wannan, in kallon ne dole sai da ranmu, a bar shi." Ba ta ƙara ba.

Abin da ya faru a bayyane yake da na tura kujerar baya. Wayar tawa ta bi ta kan ƙarfen da kujera ke zamewa a kai. Duk lokacin da uwargida ta ja kujera gaba ko baya, ƙarfen yana gatsa robar kaɗan, ramukan hanya suka ƙarasa. Tagulla ta fara shafar ƙarfe. Shuɗin fiyus ya ga haka ya yanke, sau biyu, wato ya kawo mini ƙara sau biyu. Ni kuma na kori mai ƙarar na ɗauko kurma. Koren yana iya barin amfiya 30 su wuce bai ce komai ba, alhali siririyar wayar da ta zo da allo ko sulusin haka ba za ta ɗauka ba. Sai ita ta zama fiyus ɗin, ta yi zafi tsawonta duka, ta narke roba, ta fara cin kafet. Na yanke ta, na cire koren, na mayar da kan batir. Muka ƙarasa Ngaundere babu talabijin, kuma ba wanda ya yi faɗa a kan taga.

Da muka dawo ne wani abokin aiki ya kai ni wurin dattijon, a wani gareji da ke bayan unguwar Yelwa. A Najeriya da riwaya za a kira shi. Ya yi ƙuruciyarsa a kan manyan motocin auduga masu volt 24, inda kuskuren waya ba ya yi wa mutum gargaɗi sau biyu. Bayan wancan shirun da ya yi, ya sa yaro ya kwance kan batir, ya ce a jira kaɗan, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujera. Ya kira ni.

"Malam, wannan rawayar da ka ɗaure kayanka a jikinta, ka san ta mece ce?"

Na ce a'a, Baba.

Ya nuna mini wani ɗan tambari a gefen kujerar. Akwai jakar iska a cikinta, irin mai fashewa ta tare mutum in an yi karo ta gefe. Kamfanonin mota suna yi wa wayoyinta da mahaɗanta launin rawaya ne musamman don kowa ya gani ya kauce. Ba a ɗaura mata kaya, ba a fere ta, ba a kuma tsikararta da ƙwan gwaji, domin 'yar wutar da ke bi ta ƙwan tana iya tayar da jakar a fuskar mai gwajin. Na tuna yadda na kwanta ƙarƙashin sitiyari ina tsikarar duk abin da na gani, inda can ma akwai irinta. Zufa ta sake karyo mini a inuwa.

Na zauna a kan benci na kalli aikinsa daga farko har ƙarshe, kusan awa uku, kuma ban taɓa zama ajin da ya fi shi ba. Bai fere wayar motar ko ɗaya ba. Daga akwatin fiyus na cikin mota ya ɗauko wuta, da wani ɗan mahaɗi mai baki biyu da ke shiga gurbin fiyus ya fitar da reshe, kowane reshe da fiyus nasa. Ya sa mai lamba 5 a kan reshen allunan. Na ce ba ƙarami ba ne? Ya ce, "Kayanka amfiya biyu da ɗan abu suke sha. In sun nemi fiye da biyar, ba yunwa ba ce, ciwo ne." Na tambaye shi dalilin da ya sa bai kai fiyus ɗin kusa da allo ba, tunda allon ake karewa. Ya girgiza kai. "Fiyus ba allo yake gadi ba, waya yake gadi. Bakin rijiya ake sa murfi." Duk tsawon wayar da ke tsakanin tushen wuta da fiyus ba ta da mai tsaro, shi ya sa ake so ta gajarta iya gajarta. Kuɗin fiyus ɗin dala arba'in, wato sefa 200.

Ya kawo waya mai kauri, ya zura ta cikin tiyon roba, ya bi da ita ta tsakiya, gefen giya, ƙarƙashin kafet, nesa da ƙarfen kujera. Inda za ta hau cikin kujerar ya bar mata rara, ya sa yaro ya ja kujerar gaba iyaka, baya iyaka, sau goma, yana duba ko ta ɗame ko ta maƙale. Duk mahaɗa da dalma ya liƙe, ya sa mata irin robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Salatif ɗina ya ɗago da yatsa biyu ya nuna wa yaransa: wata biyu kacal ya yi, amma zafi ya narkar da gam ɗinsa, ya warware da kansa, yana danƙo kamar alewa. A ƙasar sanyi wataƙila ya shekara. A nan ba abin dogaro ba ne.

Mas ɗin ya fi ba shi dariya. Fenti ba ya wuce da wuta, ashe ta zaren ɗan sukurun nan kawai take lallaɓawa. Ya nemi noti mai kauri a jikin gangar motar, ya kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure baƙaƙen wayoyin allo biyun a wuri guda. Da aka tayar da mota, kukan nan mai bin totur ya ɓace. Ashe kukan altaneta ne ke samun hanyar shiga sauti saboda mas mara kyau. Wata shida-shida wasu ke yawo da shi suna zargin lasifika. A ƙarshe, ba tare da na nema ba, ya huda wata 'yar kafa kusa da gwiwar direba ya dasa makunni. Ya ce, "Mai tuƙi shi ke da wuta." Ya karɓi dubu 12. Na ƙara masa uku, don lissafin ya cika daidai dubu 15 ɗin da na yi wa murmushi.

Afrilu ya zo da tasa jarrabawar, wadda ba ruwanta da gwanintar kowa. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, tsayinta daga teku bai kai mita 250 ba, kuma a Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana haye 40 kamar wasa. Wannan a inuwa ke nan. Motar da aka rufe a rana kuwa garwa ce a kan murhu. Wata rana na bar ta a filin makaranta tun safe, da azahar na kunna sai allon dama ya fito da baƙaƙen tabo kamar an ɗiga masa tawada. Da ya huce ya dawo, amma tun daga ranar gefensa ɗaya ya dushe. Rimot ɗin da aka manta a kan dashbod ya lanƙwashe kamar ayaba. Wani maƙwabcina da ya bi hanya mai sauƙi, ya ɗaure kwamfutar hannu a bayan kujera da maɗauri, batir ɗinta ya kumbura har ya ɗaga gilashin. Dabararsa ba laifi, ni ma da ita zan ba mai tafiya jefi-jefi shawara, tunda babu fere waya babu komai. Sharaɗin kawai a cire ta a shiga da ita ɗaki. Namu da ba sa ciruwa, uwargida ta ɗinka musu riguna da ragowar atamfar ranar mata ta 8 ga Maris. Suna tare rana, suna kuma tare idon mai leƙen gilashi a bakin kasuwa.

Akwai abubuwan da babu mai gyaran da zai gaya maka. Na ba wani yaro mai tura fina-finai kile na ce ya cika mini, ban duba ba. Rabinsu allon ya ƙi karantawa, wasu hoto ba murya. Cikin waɗanda suka yi, ana tsakiyar tafiya sai ga rawar Indiya mai fassarar Hausa, irin wadda ba a kallo da uwa a gefe. A madubi na ga fuskar Hajiya, na gode wa dattijon da makunninsa. Yanzu duk abin da zai shiga kilen sai ya bi ta idona ko na uwargida.

Sai batun sauti. Da farko ta rediyon mota nake sako shi, kowa ya ji. Na ɗauka tunda ba na ganin hoto, ba abin da zai ɗauke mini hankali. Ƙarya ne. Aka sa wani tsohon fim na marigayi Ibro, wanda na sani tun ina saurayi, sai ga ni ina ƙarasa hoton a kaina, ina dariya, ina jiran maganar da na san za ta biyo baya, har na kusa shafar wani mai babur da ya ɗauko buhun gawayi. Kunnen direba ma ana sace shi. Na sayo abin ji na kunne guda biyu, aka koma faɗa a kansu maimakon taga, na ƙaro biyu.

Hawan Ngaundere kuma ya kafa tasa dokar. Daga Mbe hanya ke fara murɗewa tana hawa tudun Adamawa, har ta kai sama da mita 1,000, kwana bayan kwana, tireloli suna jan ciki. Ido yana kan allo yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa zaune ake, cikin kunne kuma yana cewa ana juyi. In shaidun biyu suka saɓa, ciki ne ke yanke hukunci. A tafiyar Ƙaramar Sallah auta ya yanke nasa a kan sabuwar shaddar yayansa. Tun daga nan, muna shiga Mbe nake kai hannu gefen gwiwa, ba a sake kunnawa sai an hau. Suna ƙorafi na minti biyu, sannan su koma ƙirga motocin da suka ƙi hawa.

Yau allon dama ya mutu gaba ɗaya, rigarsa kawai ke rufa masa asiri. Manyan yaran sun koma kan salular uwarsu, sun ce hoton mota ba ya fita. Wadda ta gaji na hagun ita ce Hajiya. In an ɗauke wuta bayan isha'i, ɗaki ya zama tanda, takan aiko auta ya ce in zo da makulli. Ina fito da motar tsakar gida, fili, don ba a barin inji yana aiki a rufaffen wuri, in buɗe ƙofofi huɗu iska ta ratsa, in sa mata Daɗin Kowa daga inda ta tsaya. Ni ina gaba da 'yar mitar da na saya bayan wancan karatun, a soke a ramin taba. Cikakken batir 12.6 yake nunawa. In ya gangaro 12.2 sai in tayar da inji ya ɗan yi aiki.

Shekaranjiya na murɗa makulli ana tsakiyar wata rigima a fim ɗin, allon ya ɗauke na ɗan lokaci kamar yadda yake yi in inji zai tashi. Daga baya na ji ta ce, ba tare da ta cire abin kunnen ba, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa:

"Kai wannan, ka sake taɓa wayar ne?"